Don me ɗan kokowa zai bar jihar da ke cin takobi?

Wani dare cikin sanyin watan Nuwamba ina zaune a ƙofar ɗakina nan Fachi, ina gyaran takardun yara da fitilar hannu, sai waya ta yi ƙara. Wanda ya san garin nan ya san layin waya ba kullum yake kamawa ba, shi ya sa in ta yi ƙara da dare gaban mutum sai ya faɗi. Yayata ce daga gida, can kudu. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Malam, ɗanka ya ja mana abin magana." Ɗan farinta take nufi, wanda ba ta kama sunansa, ni ma a nan ba zan kama ba. Ta ce yaron ya bar 'yan kokowar jiharmu, bana da rigar Agadez zai shiga fage. Ta ce tun da labarin ya fito ba ta iya zuwa rijiya sai an yi mata habaici, har wata ta ce a gabanta wai wanda ya sayar da garinsu wata rana uwarsa zai sayar. Ta ce, "Kai ka raine shi, kai ka koya masa karatu, maganarka yake ji. Ka kira shi ka ce ya koma."

Na ce mata to. Kuma gaskiya a daren nan raina ya ɓaci da yaron, domin ni ma abin da mutanen gari ke faɗi shi nake faɗi a zuciyata.

Ga 'yan uwanmu na Najeriya da ba su saba bin kokowar Nijar ba, bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don a gane nauyin abin da ya yi. Tun shekarar 1975 ake gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko. Jihohi takwas ke zuwa: Agadez, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha na kawo mutum 10, ke nan 'yan kokowa 80, ana kwana wajen 10 ana fafatawa, kowace shekara a wata jiha. A kwanakin farko jiha ce ke karawa da jiha, duk wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, waɗanda ba su faɗi ba su ne ke ci gaba har a rage saura biyu. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa. A waɗannan kwanaki kasuwa kan yi sanyi, ofis kan yi tsit, kowa na jikin rediyo ko talabijin. Filayen kokowar ma sunayen tsoffin gwanaye suke ɗauke da su: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. To mutum ya bar jiharsa a irin wannan abu, kamar ya canja uba ne a idon jama'a.

Abin da ya ƙara ɗaure wa mutane kai shi ne, yaron nan ba korarsa aka yi ba, ba kuma faɗuwa ya yi a zaɓen jiha ba. Yana cikin biyu ko uku da ake sa wa rai. Jiharmu kuma ba ƙaramar jiha ba ce a kokowa, takobi ya sha kwana a cikinta. Ba zan kama sunanta ba, kada kuma mai karatu ya wahalar da kansa da lissafi, domin abin da zan faɗa yana iya faruwa a ko'ina. Da daga ƙaramar ƙungiya ya tashi zuwa babba, kowa zai ce ya ci gaba. Amma daga gidan da ake cin nasara ya fita. Tambayar da kowa ke yi ita ce: me ya rasa?

Kwana biyu na yi ina neman layi kafin in same shi. Na shirya maganganuna tsaf, irin na malamin da ya saba shi ke magana yara na saurare. Na ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na tuna masa mutanen garinmu da suka yi ta karo-karo lokacin da zai je zaɓen farko, wannan dala ashirin, wancan tiyar gero. Na tuna masa uwarsa. Bai katse ni ba har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Kawu, na ji. Amma tun da aka fara maganar nan, ba wanda ya tambaye ni dalili, har kai." Na yi shiru, domin gaskiya ce. Na ce to faɗa mini. Layi ya yanke mana sau uku a daren, amma ya faɗa.

Abu na farko da ya faɗa shi ne maganar babban ƙungiyarsu. Akwai wanda ya girme shi, wanda ya riga shi suna, wanda kowa ya ɗora wa begen takobi. Ya ce in an shiga sansanin horo, komai don wannan mutum ake shirya shi. In ana tsammanin zai gamu da dogo mai kama ƙafa, sai a ce yarona ya yi irin kokowar dogon don babba ya gwada a kansa. In mai ƙarfin ƙirji ake tsoro, sai a ce ya zama mai ƙarfin ƙirji. Ya ce, "Kawu, shekara huɗu ina kokowar wasu. Tawa kokowar ba wanda ya taɓa zama ya duba ta, ya ce mini ga inda kake da rauni." Duk wanda ya san kokowa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙarfi Allah ke bayarwa, amma dabara sai da mai gani daga waje, wanda zai ce maka kana sakin ƙugu in an matsa maka ta hagu.

Sai ya ba ni labarin wani dare da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wata shekara gasa ta yi nisa, shi da babban nasu duk ba su faɗi ba. Bayan isha'i wasu dattawa biyu daga cikin masu rakiya suka kira shi gefe, suka ce in ƙuri'a ta haɗa su gobe, ya san babba babba ne, shi yaro ne, yana da sauran shekaru a gaba. Ba su ce ya kwanta ba, amma ya gane. Ƙuri'a ba ta ma haɗa su ba. Wani ne daban aka ba shi da safe, wanda ya tabbata ya fi shi, amma ya kayar da shi cikin ɗan lokaci. Ya ce, "Ban yi barci ba a daren, Kawu. Na shiga fage na san ko na ci, mutanena ba takobina suke jira ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu 'yan kallo muna cewa jiha kaza ta ci takobi, amma takobin mutum ɗaya ne ke rataya shi. Dubi Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka. Sau 6 ya ɗauki takobi, na shidan a Agadez a ƙarshen watan Disamban 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. Wannan abin alfahari ne ga Doso da Nijar baki ɗaya, kuma da guminsa ya samu. Amma a kowace ɗaya daga cikin shekarun nan, mutum 79 ne suka koma gida ba takobi, 9 daga cikinsu 'yan jiharsa ne. Yarona ba a ƙungiyar Doso yake ba, misali kawai na kawo. Abin nufi, gidan da ke da gwani babba gida ne mai daɗin suna daga waje, amma wanda ke biye da gwanin a cikin gidan yana iya tsufa yana jira. Bahaushe ya riga ya yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta.

Abu na biyu gwiwarsa ce. Na san ya taɓa jin ciwo, amma ban san yadda ta kaya ba, domin ina nan Fachi lokacin. Ya ce a wajen horo ya ji ciwon, yana wa babba abokin gwaji. Aka kai shi gida a mota, aka ba shi ɗan abin da aka ba shi, shi ke nan. Wata uku yana kwance. Bijimin da yake kiwo don aure na ƙanwarsa shi ya sayar, ya biya maɗori, ya biya hoton asibiti. Cikin shugabannin ƙungiya ba wanda ya taka ƙofar gidansa sai da zaɓen jiha ya matso, sannan aka aiko a tambaya ko ƙafar ta warke. Ya ce ba kuɗin ne ya fi yi masa ciwo ba. "Ƙafar suka tambaya, Kawu, ba ni ba." Ban ce mugunta ce ta sa suka yi haka ba. Jihar da ke da 'yan kokowa da yawa ba ta jin rashin mutum ɗaya, in wannan ya kwanta akwai biyar a bayansa masu jiran gurbinsa. Yawan arzikin nan da ya sa take cin nasara, shi ne kuma ya sa ba ta san zafin rasa kowa ba.

Abu na uku shi ne wanda mutanen gari suka riƙe, wato kuɗi. Suka ce an saye shi. Na tambaye shi kai tsaye, bai ɓoye ba. Ya ce wani ɗan kasuwa mai son kokowa a Agadez ya ba shi ɗaki, ya ba shi aikin kula da sito, yana samun abin da zai riƙe iyali duk wata, kuma in lokacin horo ya zo a sallame shi ya je. Ya ce, "Kawu, takobi kwana goma ne. Sauran kwanakin shekara me zan ba 'ya'yana, kirari?" Na so in ce masa ai akwai kokowar ƙauyuka bayan kaka, akwai kyautar masu hali, amma na san wannan yau akwai gobe babu. Na kuma san tsoffin 'yan kokowa da makaɗa suka wasa sunansu a da, yau suna zaune bakin tasha da gwiwa a kumbure, ana nuna su ana cewa ka ga wane can. Ƙarfin ɗan kokowa bai fi shekara goma zuwa goma sha biyar ba, in ma Allah ya tsare shi daga karaya. Mu malamai muna jiran albashi ko ya yi jinkiri, a ƙarshe kuma akwai fansho. Shi ba shi da ko ɗaya. Wanda ke da albashi ya yi a hankali wajen zagin wanda ya bi abincinsa.

Daga baya na gane wannan ba matsalar Nijar kaɗai ba ce. Wani dare layi ya yi kyau, na yi ta karance-karance a waya har na faɗa kan labarin kokowar jami'o'in Amurka. Abin mamaki, can ma mutum 10 ne ke wakiltar kowace jami'a, ɗaya a kowane rukunin nauyi. Akwai jami'ar Penn State wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2016 da 2017 da 2018 da 2019 a jere. A 2017, ana tsakiyar wannan nasara, wani matashi gwani mai suna Nick Suriano, wanda rauni ya hana shi shiga gasar ƙasa a shekarar, ya bar ta ya koma jami'ar Rutgers da ke jiharsu ta haihuwa, wadda ba ta taɓa fitar da zakaran ƙasa a kokowa ba. A 2019 ya zama zakara, shi da wani abokin ƙungiyarsa suka buɗe wa jami'ar wannan ƙofa a dare ɗaya. Na kawo shi ne don a ga cewa ko inda ake da ɗakunan horo da likitoci da komai, gwani na iya duba gidan da ya fi kowane gida nasara ya ga cewa ba nan ne wurinsa ba.

Sai dai abin da ya sauya mini tunani ba daga waya na same shi ba, daga lambu ne. Fachi gari ne na gishiri da dabino a tsakiyar Tenere, tsakanin Agadez da Bilma. Mafi yawan mutanensa Barebari ne, su kan kira garin Agram. Mai gidan da nake haya wani dattijo ne mai lambun dabino, na kan bi shi ranar da ba lakwal. Washegarin maganata da yaron na same shi da ƙarfe yana sarar wani ɗan dabino da ya tsiro a gindin uwarsa. Na ce, "Baba, wannan da ya yi kyau haka za ka cire?" Ya ce ai don ya yi kyau ne zai cire shi. Ya ce ɗan da ya tsiro a gindin uwa irinta ne sak, 'ya'yan da zai yi irin nata ne, ba kamar wanda aka shuka daga ƙwallo ba, wanda ba ka san abin da zai zama ba. Amma in ka bar shi a nan, ruwa ɗaya suke sha, inuwarta na kansa, ba zai yi abin kirki ba, ita ma ya rage mata ƙarfi. Sai an raba shi an kai shi nasa ramin. Na ce to duk wanda aka raba yana kamawa? Ya ce ina! Wanda aka cire bai yi saiwa ba mutuwa yake. Wanda aka yi wa mummunan sara, shi da uwar duk su ji ciwo. Wanda ya kama ma sai an yi shekaru ana ba shi ruwa kafin a ci ɗansa. Bai san abin da ke raina ba, dabinonsa kawai yake magana. Na tsaya ina kallonsa har ya gama ya naɗe gindin da tsumma mai laima.

A hanyar komowa gida ne wata tsohuwar magana ta faɗo mini, wadda na yi shekaru ban tuna ba, kuma saboda ita ce na zauna rubuta wannan, domin ku 'yan uwana malamai da iyaye. Bayan na fito makarantar horon malamai, na yi shekaru a wata firamare can kudu wadda ta yi suna wajen cin jarrabawa. Ni ke riƙe da ajin ƙarshe. Ina da wani yaro mai kaifin kai wanda duk gari ya san shi. In mai duba makarantu ya zo, shi nake kira allo. In za a yi gasa tsakanin makarantu, shi nake zama da shi bayan an tashi. Akwai wata yarinya da kullum ita ce ta biyu, tazararsu ba ta da yawa. Ita na ba aikin rubuta sunan masu surutu in na fita, ita ke zama da marasa ƙoƙari tana maimaita musu. A ganina girmama ta na yi. Wata rana ubanta ya zo ya ce zai mayar da ita wata makaranta a unguwar kakarta, makarantar da ko rabin sakamakonmu ba ta samu. Na ji haushi ƙwarai. Na ce, "Alhaji, ina za ka kai ta da ya fi nan?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba raini ba ne. Ta ce tun farkon shekara ba ka taɓa kiran ta allo ba." Na ce masa wannan maganar yara ce. Ya tafi da 'yarsa, ni kuma na yi ta ba abokan aiki labarin uban da bai san darajar makaranta mai kyau ba.

Kusan shekara ashirin ke nan. Sai a ranar nan, tsakanin lambu da gida, na gane cewa abin da shugabannin ƙungiya suka yi wa ɗan yayata, shi na yi wa 'yar mutane da hannuna. Ban tsane ta ba, kamar yadda na yi imani su ma ba su tsane shi ba. Sunan makaranta nake karewa, kuma sunan yana rataye a wuyan yaro ɗaya, sai na mai da sauran 'yan rakiyarsa. Mu malamai mun iya tausayin na baya a aji, mun iya alfahari da na ɗaya. Wanda muke mantawa shi ne na biyu da na uku, domin ba sa ba mu wahala, ba sa kuma kawo mana lambar yabo. Muna cewa ai su lafiyarsu lau. Su ne kuwa suka fi kowa sanin abin da ake hana su, domin suna kusa da shi suna gani.

Duk da haka ban goyi bayan yaron a komai ba, kuma na gaya masa. Mutanen garinmu ba mahaukata ba ne da suka ji ciwo. Akwai wani tsoho a ƙauyenmu, tsohon ɗan kokowa, wanda ya fara koya masa kamun farko a dandali yana ɗan shekara tara, ya ɗaura masa walkinsa na farko, bai taɓa karɓar ko dala a hannunsa ba. A rediyo wannan tsoho ya ji labarin tafiyarsa. Wannan laifi ne, ba kuma shugabannin ƙungiya ne suka sa shi ba. Na ce masa barin ƙungiya haƙƙinka ne, amma tafiya ba sallama rashin tarbiyya ne, ni kuwa ban koya maka haka ba. Na kuma gargaɗe shi game da masu canja riga duk shekara, bana nan baɗi can, duk inda aka fi miƙo hannu. Irin waɗannan a ƙarshe ba su da kowa, in sun faɗi ba mai kuka, in sun ci ba garin da zai fito tarya. Na ce in ka je Agadez ka zauna, ka zama nasu, ka ɗauki yaran unguwa ka koya musu kamar yadda aka koya maka. Agadez ma ba baƙuwar takobi ba ce, Laminu Maidaba ya kawo mata shi fiye da sau ɗaya, mutanenta sun san kokowa, za su kuma gane wanda ya zo da zuciya ɗaya da wanda ya zo ci-rani.

Ya ji wannan. Kafin a shiga sansani ya hau mota ya yi doguwar tafiyar nan zuwa gida, ya sayi goro da turmin shadda ya je ya durƙusa gaban tsohon. Yayata ta ce mini tsohon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Da ka zo tun farko, da ni zan ce ka tafi." Ya sa masa albarka. Habaicin bakin rijiya bai ƙare ba, amma ya ragu, kuma uwar ta samu abin da za ta mayar.

Na san mai karatu na jiran in ce ya je ya ɗauki takobi, kowa ya ji kunya. Bai ɗauka ba. Gasar ta faɗo cikin hutun ƙarshen Disamba, ban samu motar fita ba, a nan Fachi na bi ta a rediyo, ni da wasu 'yan ajina da suka ji cewa Malam na da ɗa a fage. Lokacin raƙuman ayari na ƙarshe na bayan gari, Buzaye na ɗaure kantun gishiri a cikin tabarmin kaba, wasu daga cikinsu ma suka zo suka tsuguna wajen rediyon. Ya yi kwanaki bai faɗi ba, sannan ya gamu da wanda ya fi shi a ranar, aka kayar da shi. Yara suka yi tsit suna kallona. Da dare ya kira ni, muryarsa ba irin ta wancan daren ba ce. Ya ce mai horar da su ya zaunar da shi bayan faɗuwar, ya nuna masa daidai inda ya yi kuskure, ya ce daga watan gobe a nan za su fara aiki. Ya ce, "Kawu, na faɗi, amma faɗuwata ce." Ko zai taɓa rataya takobi, Allah ne masani. Dabinon da Baba ya dasa ma har yau bai yi ɗa ba, ganye kawai ya ƙara.

Shawarata ga iyaye, in ɗanku ya zo ya ce zai bar wurin da kowa ke sha'awar shiga, makaranta ce, ko wajen koyon sana'a, ko ƙungiyar wasa, kada kalmar farko ta zama butulci. Ku zaunar da shi ku tambaye shi dalili, ku kuma bari ya gama. Wani lalaci ne ke damunsa, wani zugar abokai, wani gudun horo, waɗannan a tsawata musu su koma. Amma wani gaskiya gare shi, ya daɗe yana haƙuri ne ba ku sani ba. In kun ga ya yi saiwar da zai iya tsayuwa, kuma inda za shi akwai mai ba shi ruwa, ku sa shi ya yi sallama da waɗanda suka raine shi yadda ya kamata, sannan ku sa masa albarka.

Mu kuma malamai, da duk mai riƙe da 'ya'yan mutane, in yaro mai ƙoƙari ya bar hannunmu, kafin mu ce bai san daraja ba mu tambayi kanmu yaushe rabon da mu dube shi shi kaɗai. A nan Fachi duk yaron da zai yi nisa a karatu wata rana sai ya bar garin, ya nufi Bilma ko Agadez, wannan ba yadda za mu yi da shi. Abin da ke hannunmu shi ne kada ya tafi tun yana zaune a gabanmu. Bana ina da yara uku da ke gaba a aji, mace biyu namiji ɗaya. Na samu wani ɗan littafi ina rubuta wanda na kira allo kowace rana, don kada hannuna ya koma inda ya saba. Makon jiya na duba, na ga duk da littafin na kira ɗaya sau shida, ɗaya sau biyu. Hali zanen dutse ne, amma ana gyarawa.

Ita kuwa yarinyar nan ta wancan lokaci, yanzu ta zama babbar mace, wataƙila da nata 'ya'yan a lakwal. In Allah ya sa wannan rubutu ya kai gare ta, ta gane kanta, ina roƙon ta yafe wa malaminta. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya sa mu gama da su lafiya.